Makarantar unguwarmu ta lalace, daga ina za mu kama?

Wata uwa ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ƴaƴana uku ne a lakwal, makarantar boko ta gwamnati, da ke unguwarmu a nan Damagaram. Aji ya cika maƙil, rabin azuzuwan rumfar zana ne, babu katanga, babu famfo. Babban yana CM1, aji biyar na firamare, amma ko rubutun da ke jikin kwalin magani ba ya iya karantawa. Duk shekara ana karɓar mana kuɗin Kojes, ba mu taɓa jin inda suka shiga ba. Ba ni da halin kai su makarantar kuɗi. Mu mutanen unguwa akwai abin da za mu iya yi, ko sai dai mu zuba wa gwamnati ido?"

Hajiya, Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Akwai abin yi, kuma yana da yawa. Na koyar a aji, na yi darakta, daga baya na riƙa zagaya makarantu ina duba aikin malamai, kuma abin da na gani shi ne unguwannin da suka fara da maganar katanga da tara kuɗi yawanci a rigima suke ƙarewa. Waɗanda suka ci gaba sun fara ne da tambayar da ke cikin wasiƙarki: yaranmu nawa ne suka iya karatu, nawa ne ba su iya ba? Saboda haka daga kan ɗanki na CM1 za mu kama.

Kafin nan ya kamata ki san cewa ƙofar shiga a buɗe take a hukumance. Kwamitin da muke kira Kojes, wanda a takarda yanzu ake rubuta shi CGDES, hukuma ce ta kafa shi a kowace makarantar firamare ta Nijar domin uwaye su shiga tafiyar da makaranta. Tsarin da muka sani yau ya samo ƙarfinsa ne daga wani shiri da ma'aikatar ilimi ta yi da hukumar JICA ta ƙasar Japan, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004, ya iso Damagaram, sannan aka yaɗa shi duk ƙasa a 2007. Ginshiƙansa uku ne: a zaɓi wakilai ta ƙuri'ar sirri a babban taron unguwa, a tsara aikin shekara a gaban jama'a, a dawo a ba da lissafi a gaban jama'ar da suka amince da shi. A cikin kwamitin akwai wakilan uwayen yara, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata ta AME, da wakilin malamai, da darakta. Idan a makarantarku ana karɓar kuɗi kuma ba a taɓa kiran ku jin lissafi ba, to an ajiye biyu daga cikin ginshiƙan ke nan, kuma neman a dawo da su haƙƙinku ne. Ba alfarma kuke roƙo ba.

Ga yadda ake fara auna yaran. Ku haɗu ku kamar biyar ko shida, mata da maza, ku je wurin darakta bayan an tashi, ba lokacin da yake tsakiyar aji ba. Ku gaishe shi, ku ce kun zo ne ku ji ta inda za ku kama masa, kuma kuna so a duba matsayin yaran tare da malamansu. Wannan "tare da malamansu" yana da muhimmanci, domin idan malamai suka ji ƙanshin cewa su aka zo kamawa, aikin ya mutu tun ba a fara ba. Gwajin kansa ba shi da wuya. Takarda ɗaya ce: a sama haruffa, ƙasa da su gaɓoɓi, sai kalmomi, sai ɗan gajeren labari mai layi huɗu ko biyar. A bayanta lissafi: gane lambobi, tarawa, ɗebewa mai aro, ninkawa, rabawa. A kira yaro shi kaɗai a gindin itace, ba bulala, ba tsawa, a ga inda ya tsaya. Ba a yi a taron aji, domin yaranmu sun ƙware da amsawa baki ɗaya. Aji zai rera darasi daga farko har ƙarshe kamar kowa ya iya, alhali mutum huɗu ne ke karantawa, saura suna bin murya. Ɗanki ya kai CM1 ne a cikin wannan muryar.

Kada ki ɗauka matsalar ta makarantarku ce kaɗai. Binciken PASEC, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar yaran da ke ƙarshen firamare waɗanda karatunsu ya kai matakin da ake so ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba, sun kai kusan uku cikin goma. Amma adadin ƙasa ba ya tayar da kowa daga kan tabarma. Abin da ke tayar da mutane shi ne su ga na unguwarsu.

Na taɓa halartar irin wannan taro a wata makarantar gefen gari. Yawancin uwayen ba su yi boko ba, don haka darakta bai rubuta kashi kaza cikin ɗari a allo ba. Ya sa yara suka ɗebo tsakuwa, kowace ɗaya a madadin ɗalibi ɗaya na ajin CM, wato aji biyar da shida, ba tare da kiran sunan kowa ba. Ya yi tsibi huɗu a kan tebur: waɗanda suka karanta labari, waɗanda suka tsaya a kalmomi, waɗanda suka tsaya a haruffa, da waɗanda ko haruffan ba su gane ba. Tsibin farko bai cika tafin hannu ba. Wani dattijo mai sayar da itace ya taso, ya tsaya a kan tsibi na ƙarshe, ya tambaya ko waɗannan ma shekara biyar suka yi suna zuwa. Aka ce masa e. Ya ce to shi kam ba zai ƙara cewa yaransa suna lakwal ba sai ya ji abin da za a yi. Daga wannan tambaya taron ya sauya. Mutanen da a da idan an ambaci karo-karo suke sunkuyar da kai, su ne suka fara cewa a ba su aikin da za su yi.

Abu na farko da unguwa ke iya dawo wa yaro da shi, ba tare da kashe ko dala ba, shi ne lokaci. Ki lissafa da kanki. Ana komawa makaranta a farkon watan Oktoba, amma ajin zana ba ya tashi sai an gama girbi an samu kara, wani lokaci har Nuwamba ta yi nisa yara suna yawo a fili. A ƙarshen shekara kuma, hadarin farko da iskarsa ya kwashe rumfa, karatu ya ƙare ke nan ko da kalanda ta ce da saura. A tsakani ga ranar Alhamis ta kasuwa da ake janye yara su riƙe kaya, ga biki da suna, ga talla, ga yajin aiki. Sannan ga namu na Damagaram da kowa ya sani: garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma idan bazara ta kama, yaro yakan kwana a layin famfo da bido, wato jarka, ya zo aji ƙarfe tara yana gyangyaɗi, ko kuma kada ya zo. Idan aka tara duka, yaron da aka rubuta ya yi wata tara zai yi wuya ya samu shida cikakku.

Mafi yawan wannan asara a hannun unguwa take. A sayi kara da zana tun kaka lokacin da suke da araha, a adana na baɗi a ɗaki, ko a kwance rumfunan a ƙarshen shekara kafin ruwa ya ruɓar da su, a ajiye itatuwan da zanar da ta yi saura. A sa ranar gayya a makon ƙarshe na Satumba, ta yadda ranar komawa kowane aji yana da inuwa. Uwaye mata su raba lunguna a tsakaninsu: kowace ta san gidajen layinta, idan yaro ya yi kwana biyu bai zo ba ta leƙa ta ji dalili. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, zazzaɓi ne, ko takalmi ya tsinke, ko an kore shi saboda ba shi da kaye, wato littafin rubutu. Maganar ɗibar ruwa kuwa, a daidaita a taro cewa ɗan makaranta ba ya zuwa layi da safe, ya yi nasa da yamma. Ba kowane gida zai iya ba, na sani, amma idan aka faɗa a gaban mai unguwa da liman, da yawa za su bi.

Lokacin malami ma yana ciki, kuma a nan ake buƙatar hankali. Yawancin masu koyar da ƴaƴanmu ƴan kwantiragi ne, kuɗinsu kaɗan ne, kuma ya sha yin latti. Wata malamar daga can wani gefen gari take hawo kabu-kabu, ta biya daga wannan ɗan kuɗin, ga goyo. Wannan ba ya halatta fashi, amma ya kamata mai zuwa yin magana ya san shi. Abin da na ga yana aiki shi ne ƴan kwamiti su riƙa zagayowa da safe bi da bi, su gaisa da darakta, su tsaya a bakin ƙofa lokacin shiga. Ba su riƙe takardar rubuta laifin kowa ba, ganinsu kawai ya isa. Malamin da ya san uwaye na zuwa ba ya son a riga shi. Idan wani ya maida fashi al'ada, darakta ake gaya wa, shi ya san hanyar insifekta. Kada uba ya shiga aji ya ci mutuncin malami a gaban yara. Wanda ya yi haka ya rusa abin da ba za a gyara a shekara ba.

Abu na biyu shi ne karatun ƙari, kuma a nan gwajin da kuka yi zai yi amfani. Malamin da ke gaban yara tamanin ko ɗari ba zai iya komawa ya koya wa ɗan CM1 haruffa ba, tsarin karatu na jan shi gaba. Dole a samu wani lokaci daban, da yamma ko Asabar ko lokacin hutu, a raba yaran bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Ɗan CM1 da ya tsaya a haruffa ya zauna da masu haruffa, ba tare da an yi masa dariya ba, in ya wuce a ɗaga shi. Rukuni kada ya wuce yara goma sha biyar zuwa ashirin. Sa'a ɗaya a rana, kwana huɗu ko biyar a mako, ta fi a tara su yini guda. Bayan wata biyu ko uku a sake gwajin, a sake kiran taro, a sake zuba tsakuwar, mutane su ga tsibin ya motsa ko bai motsa ba.

Wa zai koyar? Unguwa ba ta rasa su. Akwai malamai masu ritaya, akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou da na makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke kwana a cikinku, akwai matan aure masu takardar gama kwalej ta BEPC da ke zaune a gida. Akwai kuma samarin fada. Mutane suna yi musu kallon masu zaman shayi kawai, ko kuma su haɗa su duka da ƴan palais, gungun samarin da aka sani da tashin hankali, amma a kusan kowace fada za ki samu wanda ya kai ajin ƙarshe na lise, makarantar gaba da kwalej, ya rasa aikin yi. Idan dattawa suka kira shi da girmamawa suka damƙa masa yara goma da allo da alli, sau da yawa yakan riƙe amanar fiye da zato, kuma samarin da ke haurawa makaranta da dare su ɓata azuzuwa su ne ke komawa masu tsaronta. Sharaɗi biyu kawai: karatun ya zama a fili inda kowa ke gani, a cikin makaranta ko ƙofar gidan mai unguwa, kuma ƴan mata su kasance a hannun mace ko da wata uwa zaune a wurin. Malaman makarantar su nuna wa masu taimakon yadda ake yi, su riƙa leƙowa.

A wannan karatun a yi bayani da Hausa ba tare da jin kunya ba. Yaro yana shiga CI, aji ɗaya, bai taɓa jin Faransanci ba, a ce ya koyi karatu da harshen a lokaci guda. Wanda ya fara haɗa baƙi da wasali a cikin kalmomin da ya sani, irin su gida da rago da tulu, yana saurin kama yadda rubutu ke aiki, daga nan ya ɗauki dabarar zuwa Faransanci. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan, domin a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, kuma kundin sake fasalin ƙasa da aka amince da shi a 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Kada a manta da malaman allo. Yawancin yaranmu makaranta biyu suke yi, kuma idan aka sa karatun ƙari a kan lokacin allo, uwaye za su zaɓi allo, kuma ba za a ga laifinsu ba. A je wurin alaramma tun kafin a tsayar da lokaci, a nemi shawararsa. Malamin da aka girmama aka tambaya, shi da kansa zai riƙa korar yara su tafi idan lokaci ya yi.

Yanzu kuɗi, tunda shi ne ya fi ci miki rai. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar lissafi haka take. Ba a karɓar ko dala sai babban taro ya amince da abin da za a yi da kuma nawa zai ci. Misali, a ce bana rumfa huɗu, randuna da ruwan sha, alli da kaye na masu karatun yamma, gyaran tebura goma. A rubuta farashin kowane a allo, a tara, a raba, kowa ya ga daga ina adadin ya fito. Duk wanda ya biya a ba shi rasit, ko da guntun takarda ne mai lamba da sa hannu. Kuɗin ya zauna a hannun ma'aji daga cikin uwaye, kada ya zauna a aljihun darakta, kuma wannan kariya ce ga daraktan kansa. Ba a fitar da komai sai da hannun mutum biyu. A zaɓi wasu mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su riƙa duba littafin. A tsakiyar shekara da ƙarshenta a karanta shiga da fita da Hausa, da babbar murya, a manna kwafi a ƙofar ofis. Ni na fi son ma'aji ta zama mace. Matan da ke riƙe adashin unguwa shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba sun san riƙon kuɗin jama'a fiye da yawancinmu.

Abu ɗaya da nake roƙon ku da shi: kada a kori yaro daga aji saboda uwayensa ba su biya ba. Makarantar gwamnati ce, kuma karo-karon taimako ne da aka yarda da shi. Wanda ba shi da sefa 500 yana da hannu. Ya kawo dami biyu na kara, ko ya yi yini a gayya, ko ya ɗebo ruwa da amalankensa sau ɗaya a mako, a rubuta masa a littafi kamar yadda aka rubuta wa mai kuɗi. Marayu kuma a cire su tun a taro.

Game da kuɗin shekarun baya da ba ku ji labarinsu ba, shawarata ita ce ku nemi lissafin shekarar da ta wuce kawai, cikin natsuwa, ba tare da kiran kowa ɓarawo ba. Wani lokaci an ci, wani lokaci kuma an kashe su a kan alli da zana ne ba a rubuta ba. Idan kuka tsaya tonon shekara biyar, unguwa za ta rabu biyu, yaran kuma suna nan inda suke. Abin da za ku dage a kai shi ne sabon zaɓe idan wa'adin kwamiti ya wuce, kuma a yi shi da ƙuri'ar sirri. Idan aka ce a ɗaga hannu, babu mai iya ƙin surukinsa ko mai gidan da yake haya. Ku zaɓi mutanen da ƴaƴansu ke cikin makarantar. Alhajin da nasa ke makarantar kuɗi a ba shi girmansa, a gayyace shi, a karɓi gudummawarsa da godiya, amma shugabanci na wanda abin ya shafa ne.

Rumfunan zana ba maganar karatu kaɗai ba ce, maganar rai ce. A watan Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a wata makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, abin da ya sa gwamnati ta hana sa ƴan makarantar raino, waɗanda ba su kai firamare ba, a ajin zana. A farkon 2023 mu ma ta taɓa mu a nan Damagaram. Allah ya jiƙansu. Kafin a samu gini, akwai abin da bai kamata ku kwana ba ku yi ba. Kada a jera rumfuna manne da juna, a bar tazara mai faɗi. Kowace ta samu mafita biyu, ba ƙofa ɗaya ƴar ƙarama ba. Ƙananan yara, ƴan CI da CP, aji ɗaya da biyu, su ne za a ba azuzuwan gini, manya masu iya gudu su zauna a zana, ko da malaman manyan ajin ba su so. Masu tuyar ƙosai da awara su matsa nesa da rumfa, a hana ƙona shara kusa da makaranta, musamman lokacin hunturu da iska ke kaɗawa. A ajiye tulin yashi da bokiti a gefen kowace rumfa. Kuma a koya wa yaran fita: a buga ƙararrawa, su fita a layi zuwa wuri ɗaya da aka sani, malami ya ƙirga su. A maimaita har ya zama jiki.

Ruwa da makewayi su ne ke biye. Randa biyu a kowane aji da yarjejeniya da mai ga-ruwa ko mai amalanke abu ne da ƙaramin karo-karo ke ɗauka. Makewayi kuwa, inda babu shi ko ya lalace ko ba shi da ƙyaure, ƴan matan CM da suka fara girma sukan riƙa fashi kwanaki a kowane wata, ba su gaya wa kowa dalili, daga nan a ce ba su da ƙoƙari, daga nan a cire su. Maza ƴan kwamiti ba za su taɓa jin wannan ba. Ku uwaye mata ne za ku kawo shi taro, ku nemi a ware na mata, a sa masa ƙyaure da sakata da buta. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare yarinyar da ke karatu, amma yarinya takan bar makaranta ne tun kafin maganar ta kai ga hukuma, kuma maƙwabciya ce ke fara sani.

Akwai kuma abin da ba naku ba ne, kada ku ɗora wa kanku. Turo malamai da biyan su, littattafan karatu, da gina azuzuwa masu ɗorewa nauyin hukuma ne, kuma tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar firamare, ciki har da gini da gyara. Idan talakawan unguwa suka ce su za su yi duka, za su gaji a shekara biyu, hukuma kuma ta saba da rashin zuwa. Naku shi ne ku nema, kuma ku iya nema. Baki ba ya isa. A rubuta takarda da sunan kwamiti, da hannun shugaba da darakta da mai unguwa, a faɗi yawan ɗalibai, yawan azuzuwan gini da na zana, yawan tebura, sakamakon gwajin, da abin da unguwa ta riga ta yi da ƙarfinta. A kai ofishin hukumar da'irarku, tunda birnin kashi biyar ne, a kai kwafi wurin insifekta, a karɓo shaidar an ajiye. A koma bayan wata guda. Kwamitocin makarantu suna da tarayyarsu a matakin ƙaramar hukuma, ku tabbata wakilinku yana zuwa taronta, domin a can ake jin inda za a yi gini da ƙungiyoyin da ke neman makarantar da za su taimaka. Mai rabon azuzuwa goma a tsakanin makarantu hamsin yakan fara da wadda takardarta ke gabansa kuma mutanenta suka nuna suna kula da abin da aka ba su.

Katangar da kika ambata tana da amfani, tana hana dabbobi da masu babur ratsawa, tana hana a ci filin. Amma tana cin kuɗin da ya fi ƙarfin karo-karo. Kafin a same ta, ku binciki takardar filin makarantar, ku nemi a kafa alamun iyaka, domin a unguwannin da gari ke faɗaɗa filin makaranta yakan ragu kaɗan-kaɗan ba a ankara ba. Ku dasa itatuwa a kan iyakar da damina, bedi ko aduwa ko abin da ya samu, kowane aji ya riƙi nasa. Ɗan siyasa ko mai hali da ya ce zai gina, a karɓa, a yi godiya a bainar jama'a, amma a shigar da kyautar cikin littafi kamar kowace, kuma kada a bar makarantar ta zama ta wani ɓangare.

Idan darakta ya ƙi ba da haɗin kai fa? Yakan faru. Ku sake komawa tare da mai unguwa. Idan ya ƙi kiran taro, ku rubuta wa insifekta cewa uwaye na neman babban taro kamar yadda tsari ya tanada, ba tare da zargi a cikin takardar ba. Da wuya a kai nan. Yawancin daraktocin da na sani kukansu shi ne suna kiran taro mutum bakwai ke zuwa, sannan a koma gida ana zaginsu.

Shi kuma babban naki ba zai jira a gama duk wannan ba, saura masa shekara ɗaya da ƴan watanni ya bar firamare, kuma kwalej ba ta koyar da haruffa. Tun wannan makon ki je wurin malaminsa ki ce ya gwada miki shi shi kaɗai, ya gaya miki inda ya tsaya. Ki samu wani a layinku da zai zauna da shi rabin sa'a bayan magariba, su fara daga wurin, ko da daga haruffa ne. Ki duba ko yana ganin allo da kyau kuma yana ji sosai, domin akwai yaran da ake kira daƙiƙai alhali ido ne ko kunne, sai a nemi a dawo da shi layin gaba a kai shi asibiti. Ko ba ki yi boko ba, ki sa ya buɗe kayensa a gabanki kullum ya karanta miki abin da aka rubuta yau, yana nuna kowace kalma da yatsa. Za ki gane da kunnenki ko karantawa yake ko hadda. Ƙannensa biyu kuma a gwada su yanzu, tun suna ƙananan aji, don gyaransu ya fi nasa sauƙi.